Keken Ɗinki da Gwadon Furfuri

Shekarar da na gama makarantar horon malamai aka tura ni koyarwa a Gusau. Tsakiyar shekarun alif ɗari tara da hamsin ne, Turawa ba su tafi ba tukuna. Na kama ɗaki a Tudun Wada, duk ranar da babu makaranta kuma sai in hau basukur, wato keken hawa, in tafi gida Bungudu in duba iyayena. Abin da zan faɗa a nan ya faru ne a cikin kaka guda, ko da yake ina iya cakuɗa wasu ranakun da wasu. Na daɗe ina juya shi a raina, har yanzu kuma ban tabbatar da inda laifina ya fara ba.

Mahaifina maɗinki ne na allura da zare, aikinsa haɗa saƙa. Masaƙa sukan kawo masa zugu, wato doguwar saƙar nan mai faɗin tafin hannu da ake naɗewa, ya yanka ta falle-falle, ya gama fallayen baki da baki har su zama zane ko gwado. A zaure yake zama bisa tabarma. Sai ya miƙe ƙafar dama, ya maƙale kan fallaye biyu tsakanin babban yatsan ƙafa da na kusa da shi, ya ja su da hannun hagu har su miƙe tsam kamar tsirkiya, sa'an nan allura ta bi. Tun ina rarrafe haka na san shi.

Yanar ido ta fara rufe masa gani tun ina makaranta, ba wanda ya gaya mini. Da na dawo na tarar Inna ce ke zura masa zare a allurai biyar ko shida da safe, ta soka su a jikin wata tsohuwar hula, ya riƙa zarowa ɗaya bayan ɗaya. Wannan dabarar ta yi maganin zura zare kawai. Haɗa baki da baki yana bukatar allura ta kama zaren ƙarshe na wannan falle da zaren ƙarshe na wancan, in ta kuskure ɗaya sai a bar kafa. Na taɓa ɗaga wani gwado da ya gama, na ga hasken rana yana shigowa ta wurare da yawa a layin ɗinkin. Na ninke shi da sauri na ajiye.

Masaƙan ba su ce masa komai ba. Wanda ya saba zuwa da zugu uku sai ya zo da ɗaya, daga baya ya zo gaisuwa kawai. Mutum guda ya rage, wani masaƙin gwado a Furfuri, taubashin Baba, abokin wasansa tun suna yara. Kawu muke ce masa.

A wata na huɗu da fara aikina na shiga wani kantin Turawa a Gusau inda ake sayar da kekunan ɗinki. Tunanina shi ne keke ba ya bukatar ido mai kaifi, ka ɗora falle kan falle ka juya, shi zai yi sauran. Akwai manya masu ƙafa irin na teloli, akwai ƙanana na hannu masu akwatin katako, waɗanda ma'aikata ke saya wa matansu. Na ɗauki ƙaramin. Na gaya wa kaina Baba bai taɓa aiki a kan kujera ba, wannan kuwa za a ajiye shi a ƙasa gaban tabarma. Dalilin ba ƙarya ba ne, amma ina jin gaskiyar ita ce ƙarfina bai kai ga babban ba. Na yi niyyar in tambayi akawun kantin ko yana ɗinka gwado, sai na ji kunya kada ya ga malami guda bai san komai ba. Na ɗaure akwatin a bayan basukur, rabin hanya tura shi na yi saboda tsoron gargada.

Na tarar da Kawu a zaure, ya zo da zugu a bayan jaki. Ina buɗe akwatin ya kwashe da dariya.

"Bawana," ya ce wa Baba, "ashe amarya anka kawo maka? Ga ta nan har da akwatinta."

"Tashi ka ba ta wuri," in ji Baba. "Ta hi ka daraja."

"Wanga ai keken mata na. Matar mai tashar jirgi na da irinshi, 'yan rigunan ɗiyanta taka ɗinkawa."

"Kai da saƙarka taka kama da tabarma, mi ka sani ga keke?"

Inna ta miƙo wani ƙyallen akoko, farin yadin nan na kanti, daga bayan ƙofa. Na zura zare kamar yadda ɗan littafin da ke cikin akwatin ya nuna, na ninka ƙyallen biyu, na juya mariƙi. Keken ya tafi sumul, da ƙara mai daɗi. Baba ya karɓi ƙyallen, bai kai shi kusa da ido ba, babban yatsa ya bi da shi daga farko har ƙarshe, ya dawo ya sake bi.

"Babu kahwa ko guda," ya ce. Ya daɗe yana riƙe da shi.

Da Kawu zai tafi ya yafito ni wajen jakinsa. Fuskarsa ta canja, babu wasa a ciki.

"Malam, gwado takwas na cikin wanga zugu. Hwatake na zuwa da an gama yankan dawa, kahin sanyi shi shigo. Biyun da ya yi mini da bazara, ni na warware su da kaina na sake, ban gaya mai ba. In wanga ƙarhe ya yi, alhamdu lillahi. In bai yi ba, dole in kai Rawayya, akwai wani maɗinki can. Ni ma da iyali."

Na ce masa in Allah ya yarda zai yi. Mu biyu mun san in zugun nan ya tafi Rawayya, Baba ba shi da sauran mai kawo masa aiki. A lokacin dawa ta fara ja, ina jin mako shida ne ya rage, ko bakwai.

Matsala ta farko ta fito tun ranar. Keke ba ya haɗa baki da baki, sai an ɗora bakin wannan falle a kan bakin wancan. Gwadon Kawu kuwa da abawa yake saƙa shi, zaren nan mai kauri, falle ɗaya ma ya kai kaurin akoko huɗu. Da ƙyar na cusa ninki biyu a ƙarƙashin ɗan ƙarfen da ke danne yadi, wanda teloli ke kira ƙafa. Na juya, allura ta shiga ta fita sau kamar goma, sai mariƙin ya ƙi gaba ya ƙi baya. Da na ɗaga gwadon na tarar zare ya dunƙule a ƙasa kamar sheƙar tsuntsu. Na yi rabin yini ina tsince shi da tsinke.

Littafin da Turanci aka rubuta shi, don haka kowa a gidan ya ɗauka maganar ta ƙare tunda ina karanta Turanci. Shafi biyu ne kawai a kan matsaloli, ba kuma inda aka ambaci irin wannan saƙa. Na sami wani littafin rubutu na riƙa rubuta abin da na gwada da abin da ya biyo baya, don kada in maimaita kuskure ɗaya sau biyu.

Na fara da allura. Waɗanda suka zo da keken sirara ne, na akoko. Na koma kantin na sayo mafi kaurin da suke da su, takarda biyu. Dunƙulewar zaren ta ragu, sai kuma ɗinkin ya fara tsallake, ya kama uku ya bar biyu. Baba ya ce laifin zaren kanti ne, siriri ne, ba a haɗa gwado da zaren da ya fi gashi rauni. Ya sa Inna ta kawo zaren da take kaɗawa da mazari. Ina da shakka, amma ban iya musa masa ba. Zaren hannu kaurinsa ba ɗaya ba ne, duk inda ya yi ɗan kumburi sai ya tsaya a kafar allura ya tsinke, audugarsa kuma ta cika gidan kwarkwaro, wato inda zaren ƙasa yake zama. Muka koma zaren kanti, na samo mai ɗan kauri. Na sassauta ƙusar da ke matse zaren sama, na sake matse ta, na sake sassautawa, ina rubuta ko juyi nawa na yi. Na tsawaita takun ɗinkin har iyakarsa.

Wani mako na dawo na tarar keken ya yi nauyi, yana warin ƙuli-ƙuli. Ɗan man da ya zo da shi ya ƙare, Inna ta ɗiga masa man gyaɗa don ta taimaka. Man ya haɗu da audugar ya yi danƙo. Na wanke shi da kananzir.

Wani tela a kasuwar Gusau ya ce in goga busasshen sabulu a layin da allura za ta bi. Wani ya ce in daddake ninkin ya kwanta. Na yi duka biyun. Na shimfiɗa fallayen a kan turmin da aka kife, na bi bakinsu da taɓarya a hankali, Inna na tsaye tana kallon taɓaryarta. A ganina wannan ya taimaka ƙwarai. A mako na uku na zauna na haɗa falle biyu daga kai har ƙarshe ba tare da allura ta karye ba. Sannu na bi, inda ya yi kauri sosai na saki mariƙi na juya zagayayyen ƙarfen da yake jikinsa da tafin hannu, taku ɗaya-ɗaya.

Na tashi na ba Baba wuri. Ya zauna, na ɗora hannunsa na dama a kan mariƙi, na saka masa gwadon. Bai yi taƙi guda ba muka ji ƙas. Allura ta karye, guntun ya yi tsalle ya faɗa kan tabarma. Na sa wata. Ita ma haka.

"Ƙarhen Turawa," in ji shi. "Allurata guda takan yi shekara."

Na ce watakila juya mariƙin ne ke raba masa hankali. Na roƙi Inna ta shigo zauren, muka rufe ƙofar waje da tabarma, ta zauna tana juyawa don ya sami hannu biyu a kan gwadon. Allura uku suka karye a jere, ko minti biyar ba a yi ba. Inna ta tashi ta koma ciki.

Yanzu ina tambayar kaina ko a ranar na ga abin da ke faruwa. Ina zaune dab da shi, idona a kan aikin. Ina jin na gani, sai hankalina ya ƙi karɓa. Abin da na rubuta a littafina shi ne wai mai yiwuwa wani abu ya goce a cikin keken, tunda wani lokaci yana yi wani lokaci ba ya yi. Ban rubuta a hannun wa yake yi ba.

Telan da ya ba ni shawarar sabulu ya ce akwai wani tsohon soja a Tsafe wanda ya yi ɗinkin kaki da tanti a lokacin yaƙi, duk keken da ya gagara can ake kai shi. Na ɗauko keken daga Bungudu, ranar hutu ta gaba na shiga bayan wata motar gyaɗa, akwatin a kan cinyata har Tsafe. Mutumin yana zaune a wata rumfa bakin kasuwa. Saje ake ce masa, ban sani ba ko ya kai muƙamin. Na fara karanta masa abin da na rubuta, ya ɗaga mini hannu.

"Malam, aje takardar. Kawo gwadon."

Ya sa fallaye biyu da na zo da su, ya juya, ɗinki ya tafi har ƙarshe. Ya kwance ɗan farantin ƙarfen da allura ke shiga ta kafarsa, ya ɗaga shi a rana.

"Wa ke aiki da shi?"

"Ni da mahaifina."

"Tsohon mi yaka yi da can?"

"Ɗinkin hannu."

"To." Ya miƙo mini farantin. "Dubi bakin kahwar nan. Ina saran yake?"

Na duba. Bakin kafar ya sha sara, duk ta gefen baya.

"Allura ba ta saran baya sai an ja ta baya. Ga haƙora nan ƙarƙashi, su ka tura yadi, kowane taku da lokacinshi. In mutum ya kama yadin ta baya ya ja, allura na ciki, sai ta lanƙwashe ta sari ƙarhe. Keken ga lahiya lau yake. Ƙarami na, gwado ya yi mai nauyi, amma in anka bi shi sannu shina ci. Tsohonka ka ja."

Na ce ko ba zai yiwu ba haƙoran ne suka yi ƙasa, shi ya sa dole a taimaka musu.

"Kai ka yi boko, ni na yi soja, kada mu ɓata ma juna rana. Na ga maɗinkan hannu da anka ɗora bisa keke a bariki. Samarin, da tsawa sunka daina ja. Manyan kuwa an mai da su ɗinkin maɓalli. Ka ce mai shi saki hannu."

"Ni in ce masa?"

"To ni za ni Bungudu in ce mai?"

Ya goge saran da wani ɗan zarto, ya ɗiga man keke na gaske, ya rufe akwatin. Da zan tafi ya ce, "Allah shi ba ka sa'a," amma bai dube ni ba.

Wanda bai tashi a irin gidanmu ba zai ga maganar ƙarama ce. A wurinmu ɗa ba ya gyara wa uba sana'arsa. Ni ɗan fari ne, Baba ko sunana ba ya kira, ni kuma ban taɓa zama na dubi tsakiyar idonsa ba. Ga shi kuma an kai ni boko, ban iya riƙe allura ba, wanda dama wani abu ne da ba mu taɓa magana a kansa ba. Na je wajen Inna a madafa na gaya mata abin da Saje ya ce, na tambaye ta ko za ta faɗa masa.

"Ni?" ta ce. "Shekara talatin ban taɓa ce ma Malam ɗinkinshi ya karkace ba, ko ranar da ya karkace. Kai ka kawo abinka."

Don haka na shiga zaure na ce wa Baba mutumin Tsafe ya ce farantin ne ya lalace, ya gyara. Rabin gaskiya ne. Na yi fatan ko hannun zai daina da kansa. Na tafi Gusau na bar masa allura shida, na koya wa Inna yadda ake sa su. Duk makon ban koyar da abin kirki ba, ina tsaye gaban allo ina lissafin kwanakin da suka rage. Da na dawo, a hanya na ga an fara karya dawa a gonakin bakin gari. Allura shidan duk sun karye. Inna ta tara guntayen a cikin ƙoƙo don kada wani ya taka.

Na zauna a gefen tabarma na buɗe ɗan littafin keken, ko da yake na san ba ya ganin abin da nake yi.

"Baba, littafin nan ya ce, wai, a can ƙasarsu masu aiki da shi ba su cika riƙe yadin ta baya ba. Wai kamar shi keken ne ke ja da kansa. Ban sani ba ko na fahimta daidai."

Ya juya kansa wajen ƙofa. Wani mai jaki ya wuce ta ƙofa, suka gaisa da shi, ya tambaye shi mutanen gida. Sa'an nan ya juyo.

"Littahin ya ce, ko mutumin Tsahe?"

"Duka biyun."

"Tun yaushe ka sani?"

"Kwana takwas."

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya gyara zama ya ce, "Aza mini."

Na sa sabuwar allura, na ɗora falle kan falle, na sauke ƙafar. Ya ajiye hannun hagu a kan gwiwa ya fara juyawa. Taku biyar, shida, sai na ga hannun ya tashi da kansa ya nufi bayan keken. Shi ma ya ji. Ya tsaya, ya ɗaga cinya ya sa hannun a ƙarƙashi ya danne, ya ci gaba.

Allura ba ta karye ba. Ƙarar ta tafi daidai, har Inna ta leƙo. Amma ni ina ganin abin da shi ba ya gani. Nauyin gwadon yana jan fallen sama gefe a hankali, layin ya fara barin ninkin, ya hau falle ɗaya, ya ci gaba da tafiya a kan falle ɗaya, na biyun ya zame ya kwanta a ƙasa. Baba yana ta juyawa. Sai a lokacin na gane abin da ko Saje bai faɗa ba, don bai san labarin idon ba. Jan da Baba ke yi shi ne ganinsa. In saƙa ta miƙe tsam yatsunsa na sanin inda baki yake. In ta saki, ba shi da abin da zai gaya masa.

Da ya kai ƙarshe ya ce, "Ya yi?"

"Ya fara," na ce.

Ya zaro hannun ya bi ɗinkin da yatsa. Bai yi nisa ba ya tsaya. "Tun nan ya bar hanya."

Mun ƙara gwadawa a ranar da washegari. Na ce ya ɗora yatsu a gaban allura kawai ya lallaɓa, kada ya ja. Allura ta kusa shiga farcensa, daga nan yatsun suka koma baya suka kama, ta karye. Inna ta ɗan ɗaura fallayen da manyan taku kafin a sa a keke, ninkin bai zame ba, amma layin ya riƙa yawo yana fita yana dawowa. Shekaru bayan haka na ga wani tela ya ɗaure ɗan katako a jikin kekensa, bakin yadi na bin jikin katakon. Na tsaya ina kallo har ya tambaye ni ko lafiya. Watakila da na san wannan dabarar da ta yi. Watakila kuma da ba ta yi ba, ba ni da hanyar sani.

A ƙarshe na ce masa ko in riƙa ɗinkawa ni duk ranar hutu, shi ya riƙa yankawa yana jerawa. Na san a rana guda ba zan wuce rabin gwado ba, lissafin ba zai fita ba, amma na faɗa.

"Kai malami na," ya ce. "Ka bar ɗiyan mutane ka zo kana haɗa gwado? In kai ka ɗinka, ni mi na yi?"

Na tashi na rufe akwatin keken.

Kawu ya zo a makon da ya biyo baya, ina nan. Baba ya riga ya warware duk ɗinkin keken da yatsa, har wanda ni na yi, ya tsince zaren, ya jera fallayen ya ɗaure su da zugun da ba a yanka ba. Inna ta ce kwana uku ya yi yana wannan.

"Bawana, ina amarya?" in ji Kawu daga bakin ƙofa. Sai ya ga ƙunshin.

"Ɗauka ka kai ma maɗinkin Rawayya," Baba ya ce. "Ka ce mai shi kula da halle huɗun da ke sama, keke ya ci bakinsu. In ya shiga da allura ciki kaɗan ba za a gani ba."

"Haba, saurin mi kaka yi? Hwataken ba su zo ba tukuna. Ko guda biyu ka riƙe, ka yi da hannu."

"Ka sake warwarewa da kanka?"

Kawu ya dube ni. Wallahi ban gaya masa ba, ban kuma taɓa sanin yadda aka yi ya sani ba. Kawu ya ɗauki ƙunshin ya fita, na bi shi na taya shi ɗaurewa. Ya kora jakinsa ya tafi.

Keken aka shigar da shi ɗakin Inna. Matar wani maƙwabcinmu takan aro shi gab da Sallah ta ɗinka wa yaranta riguna, kuma an ce bai taɓa ba ta wahala ba.

Mako biyu ban je Bungudu ba. Na ce aikin jarrabawa ne ya riƙe ni, akwai jarrabawar kuwa, amma da na so da na je. Da na je a mako na uku na tarar da Baba a zaure a wurinsa. Damin rama ne a gefensa, yana tufka igiya. Ya riga ya yi kamu da yawa, ya naɗe a gefe, tufkar kuma ta yi kyau, ta matse. A garinmu kowa ya san tufka sana'ar makafi ce, shi ma ya sani.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya tambaye ni hanya, ya tambayi yara ko suna karatu, na ce suna ƙoƙari. Ya ce in miƙo masa ƙwaryar ruwan da yake jiƙa ramar, tana can bayansa. Tana gabansa ne, dab da gwiwarsa. Na ɗauka na sa masa a hannu.